Tsohon saƙon Twitter a zauren majalisa: ya kayar da wata a Amurka, wani ya tsallake a Abuja

A ranar Asabar 5 ga Agustan 2023, Bosun Tijani ya tsaya gaban Majalisar Dattawan Najeriya domin a tantance shi a matsayin minista. Mutumin yana cikin waɗanda suka kafa CcHub, cibiyar ƙirƙirar fasaha da ke Yaba a Legas, don haka masu harkar manhaja sun zuba kunne su ji me zai ce kan tsadar data da isar intanet karkara. Sai ga shi abin da ya fi ɗaukar hankali a zaman shi ne tsofaffin saƙonninsa na Twitter. Sanata Abdulfatai Buhari na Oyo ta Arewa ya karanto masa wani da ya wallafa a 2019, inda ya nuna cewa zama ɗan Najeriya nauyi ne a wuyan mutum. Aka kuma tono wani da ya kira sanatoci da kalmar raini. Tijani ya ce cikin fushi ya rubuta, bayan wahalar da ya sha wajen neman bizar China, ya nemi afuwa. Bayan kwana biyu majalisar ta amince da shi cikin mutum 45, ya zama Ministan Sadarwa, Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Dijital.

Neera Tanden ba ta yi wannan sa'ar ba. Joe Biden ya zaɓe ta ta shugabanci ofishin kasafin kuɗi na Fadar White House, muƙamin da ke daidai da na minista. Ta daɗe tana caccakar sanatocin Republican a Twitter, har Bernie Sanders, mai ƙawance da jam'iyyarta, bai tsira daga alƙalaminta ba. Kafin zaman tantancewa ta goge saƙonni sama da dubu ɗaya. Gogewar ba ta amfana mata komai ba, domin 'yan jarida sun riga sun adana su, kuma a gabanta aka riƙa karanto mata su ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ta ba da haƙuri. Duk da haka, ranar 2 ga Maris 2021 aka janye sunanta.

Laifin iri ɗaya ne, ban haƙurin ma haka. Inda aka sha bamban shi ne lissafin kujeru. A lokacin Tanden, majalisar dattawan Amurka ta rabu 50 da 50. Tun 2013 rinjaye mai sauƙi ya wadatar wajen tabbatar da minista a can, amma da tazara irin wannan, ɗan jam'iyya ɗaya ya juya baya an gama. Joe Manchin, ɗan Democrat, ya ce ba zai zaɓe ta ba, babu kuma ɗan Republican da ya cike gurbin. 'Yan Democrat sun yi ta ƙorafin cewa masu kukan rashin ladabin Tanden su ne suka yi shekara huɗu suna kawar da kai daga saƙonnin Donald Trump, kuma ƙorafin yana kan hanya. Amma ƙorafi ba ƙuri'a ba ne. A Abuja kuwa, a 2023 APC na da kujeru 59 cikin 109, ana kuma yanke hukunci da ƙuri'ar murya, wadda ba ta nuna wane sanata ya ce me. Mutum uku da aka jingine a ranar, Nasir El-Rufai da Stella Okotete da Abubakar Danladi, batun binciken tsaro aka ambata a kansu, ba Twitter ba.

Abin da ya shafi mai riƙe da waya a nan shi ne yadda saƙon da aka goge ke dawowa. Maɓallin gogewa yana cire saƙo daga shafin mai shi ne kawai. Ba ya taɓa hoton allo da wani ya ɗauka, ba ya kuma shiga rumbun Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke kwafar shafukan intanet tun 1996. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ma ya adana duk saƙonnin Twitter na fili daga 2006 zuwa ƙarshen 2017. Wanda ba a goge ba kuwa, tono shi aikin minti ɗaya ne: a akwatin bincike na X a rubuta from: haɗe da sunan asusun, a ƙara kalmar da ake nema, sai until: da kwanan wata.

Sai dai a irin wannan lokaci ne hotunan bogi ke cika guruf-guruf na WhatsApp, kowane ɓangare na ƙoƙarin ɓata na wancan. Ƙirƙirar su ba ta buƙatar Photoshop. Duk mai burauzar Chrome a kwamfuta zai iya danna Inspect, ya sauya rubutun kowane saƙo a kan allonsa, ya ɗauki hoto, suna da hoton mai asusun na nan daram. Shi ya sa hoton allo shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin nema shi ne adireshin saƙon. Kowane saƙo na da doguwar lamba a ƙarshen adireshinsa, kuma tun ƙarshen 2010 lokacin da aka wallafa saƙon yana ƙunshe cikin wannan lambar. Idan an goge shi, a liƙa adireshin a web.archive.org a ga ko an taɓa kwafarsa. Mai yaɗa hoton da ya kasa kawo adireshi, a bar masa kayansa.

Mafi yawan matasa ba za su taɓa tsayawa gaban sanatoci ba, amma tantancewar ta riga ta sauko ƙasa. Tun 2019 takardar neman bizar Amurka ke tambayar sunayen asusun sada zumunta da mutum ya yi amfani da su cikin shekara biyar da suka wuce. X da Facebook duk suna ba mai asusu damar sauke kwafin duk abin da ya taɓa wallafawa daga cikin saiti, ya karanta da idonsa kafin wani ya karanto masa.

Ita dai Tanden ba ta rasa gurbi a gwamnati ba. Biden ya ba ta muƙaman da ba sa buƙatar amincewar majalisa, har a 2023 ta zama babbar mai ba shi shawara kan manufofin cikin gida.