Gubar dalma a Zamfara: Me ya sa dole a yi bayanin binciken kimiyya da harshen da kowa zai gane?

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka samu labarin cewa ƙananan yara na mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yaran kan yi amai da jijjiga sannan su suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu aiki ba. Gwaji ya nuna gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun zinaren da ake kaiwa gida ana dakawa ko ana niƙawa. Aƙalla yara 400 ne suka rasu.

Masana sun gano musabbabin cikin ƙanƙanin lokaci. Aikin da ya rage shi ne isar da abin da suka gano ga iyaye da mahaƙa da masu riƙe da madafun iko, ta yadda kowa zai san abin da ya hau kansa.

Adadi ba tare da ma'auni ba

Likitoci kan auna dalmar da ke jikin mutum da maikirogiram a kowace desilita ta jini. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuma kashi ɗaya cikin goma na lita. Idan aka ce wa uwa ɗanta na da 60, ba a gaya mata komai ba, sai an ɗora adadin a kan ma'aunin da za ta kwatanta da shi.

Ma'aunin kuwa a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A ƙa'idarta ta 2021 ta nemi a binciko inda gubar ke fitowa da zarar an kai 5, yayin da 45 ke nufin yaro na buƙatar magani na musamman. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu a 2010 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun haura, kuma kashi 25 cikin ɗari na 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. A harshen yau da kullum, a cikin kowane yara huɗu an binne ɗaya.

Sauƙaƙawa ba tare da rage gaskiya ba

Sunan da likitoci ke kiran hanyar maganin da shi ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa. Hoton da ke cikin kalmar ya fi kalmar amfani: maganin yana cafke dalmar da ke cikin jini, sai jiki ya fitar da ita ta fitsari.

Sai dai mai bayani zai yi kuskure idan ya tsaya a nan ya ce magani na warkarwa. Akwai abu biyu da ba a yarda a zubar da su wajen sauƙaƙawa ba. Na farko, lahanin da dalma ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ya gyaruwa. Na biyu, idan yaro ya koma wasa a tsakar gidan da ƙasarsa ke ɗauke da gubar, zai sake haɗiyarta ta ƙurar da ke hannunsa da abincinsa. Shi ya sa umarnin da aka bai wa jama'a ya kasance na aiki: a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, a jiƙa shi da ruwa domin rage ƙura, a yi wanka a sauya tufafi kafin a shiga gida.

Inda bayani ya zama batun siyasa

Abin da rahotannin ƙwararru ke kira gyaran muhalli yana nufin a kankare saman ƙasar da ta gurɓata, a kai ta rami a binne, a zuba sabuwa. Aiki ne mai buƙatar kuɗin gwamnati. A Bagega, MSF ta ce ba za ta iya fara yi wa yara magani ba sai an yi wannan aikin, amma kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ya ƙi fitowa.

Gangamin #SaveBagega, wanda matasan shirin Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal suka ja ragamarsa, ya taƙaita batun zuwa tambayar da kowa zai iya yi: ina kuɗin kwashe ƙasar Bagega? A watan Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka yi aikin a shekarar, sannan aka fara magani.

Matsalar ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, inda yara 28 suka rasu. Har yanzu ana haƙar zinare da hannu a sassan Arewa maso Yamma, don haka duk rahoton da zai fito kan wannan guba na buƙatar amsa tambayoyi uku da Hausar kasuwa: mene ne ke faruwa a jikin yaro, me iyaye za su yi yau, kuma wace hukuma ce ke da alhakin sauran aikin?