Wufa a ƙarƙashin kujerar baya: abin da mai mota ya kamata ya sani kafin a huda ko'ina

Matasa da yawa da ke jigila tsakanin Dambatta, Bichi, Kunchi da kasuwar Dawanau sun saba haɗa wayarsu da rediyon mota ta Bluetooth. Sai dai ƙananan sifikun ƙofa ba sa iya fitar da amon ganga mai nauyi, wanda ake kira bes. Wannan aikin wufa ne, sifikar da ke kula da sautin da ya yi ƙasa da kimanin haz 80. Matsalar ita ce wurin ajiye ta, domin but ɗin motar karkara na buhunan gero, gyaɗa da taki ne. Shi ya sa ido ke komawa ƙarƙashin kujera.

Ba kowace mota ke da wurin ba

A ƙananan motoci irin su Golf da Corolla, tankin mai ne ke kwance a ƙarƙashin kujerar baya, kuma ta nan ake kaiwa ga famfon mai. Huda wurin don ɗaure akwati ganganci ne. Abin da ya dace da su shi ne siririyar wufa mai haɗe da amfilifaya, wadda kaurinta bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, a tura ta ƙarƙashin kujerar gaba. Motocin da kujerunsu ke tsaye a kan ƙafafu, kamar bas ƙirar Hiace, su ne ke da sararin akwati. Don haka awon tsawo, faɗi da zurfi ke zuwa kafin cinikin sifika.

Akwati shi ne rabin sauti

Wufar da ba ta da akwati ba ta ba da bes, saboda iskar da take turawa ta gaba da ta baya suna kashe juna. Akwati iri biyu ne: rufaffe da mai rami. Mai rami ya fi ƙara, amma yana cin wuri, kuma ramin ƙofa ce ga ƙurar hunturu, ƙwayar hatsi, har da ɓera. A hanyoyin ƙauye rufaffe ya fi. Wufa mai inci 8 ko 10 ta wadatar, kuma mai inci 10 yawanci tana son iskar lita 15 zuwa 28, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta.

A faɗa wa kafinta ya yi amfani da katako mai kaurin milimita 18, ya toshe duk wata kafa da gam. Katakon MDF na da kyau, amma yana kumbura idan ya jiƙe. Wanda ke ratsa ruwa da damina gara ya nemi filawud mai kauri. A bar tazarar aƙalla inci ɗaya a gaban sifikar, sannan a ɗaure akwatin kada ya zame idan an taka birki.

Inda haɗarin yake

Kada a ruɗu da wat 2,000 ko 3,000 da ke jikin kwali. Lambar da ke da RMS a gefenta ita ce ƙarfin gaskiya. Amfilifaya mai wat 300 RMS kan ja kusan amfiya 30 idan an ƙure ta, don haka tana son waya mai kauri, lamba 8, ta jan ƙarfe zalla. Mai arahar nan ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe ta fi saurin zafi.

Fis shi ne mai gadin motar. Dole ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Idan gargadar hanya ta goge wayar har ta taɓa ƙarfe, fis ne zai ƙone. In babu shi, wayar ce za ta kama da wuta a ƙarƙashin kafet, kuma a ƙauye kafin motar kashe gobara ta iso an yi asara. Duk mai wayarin da ya ce a ɗaura silin waya a madadin fis, a canza shi. Rigakafi ya fi magani.

Kafin a fara aiki a cire kan batir mai alamar ragi. Wayar at ta zama gajeriya, a kankare fenti a ɗaure ta a jikin ƙarfe. Siririyar shuɗiyar waya kuma a haɗa ta da rediyo, don amfilifaya ta mutu idan an kashe shi. In ba haka ba batir zai kwana yana zuƙewa. A bar mata wurin shan iska, domin a watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40.

Saitin waya da lafiyar kunne

A kashe ƙarin bes na manhajar kiɗan waya, a saita matatar amfilifaya a haz 80, a ɗaga ƙarfinta a hankali, da zarar sauti ya fara tsagewa a rage. Tsagewar nan ce ke ƙona wufa. Kunne ma yana da iyaka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako ba ya cutarwa, amma a desibel 90 lokacin ya koma awa 4 kacal. Direban da ba ya jin hon ɗin babur ko kiran mai kora shanu a bakin hanya, ƙarar ta wuce kima.