Yadda Za Mu Kula da Kayan Ado na Dutse

Ba kowane dutse ne mai tauri ba. Akwai wani iri mai laushi, mai santsi kamar sabulu. Ko farce yana iya karce shi. A ƙasar Azbin, wajen Agadas, Buzaye suna sassaƙa munduwa da abin wuya da 'yan batoci da dutse mai laushi. Fatake su kan kawo su ƙasar Hausa. Watakila wani a Wurogauri, ko Gwandu, ko Kalgo, ya gaji irinsu wurin kakansa.

To, yaya za mu wanke su?

Mun saba cuɗa tukunya da yashi da toka. Tasa kuwa mu kan goge ta da tsamiya ko lemon tsami. Wannan duk daidai ne ga ƙarfe, amma ɓarna ne ga dutse mai laushi. Yashi ya fi shi tauri, saboda haka karce shi ya ke yi. Tsami kuma yana cin waɗansu duwatsu, kamar dutsen farar ƙasa. Abin da ya zaizaye ba ya komowa.

Da fari mu kaɗe ƙura da gashin kaza. Ƙurar hunturu tana da yashi ƙanana a cikinta, in muka murza ta sai ta kashe ƙyallin dutsen. Sa'an nan mu jiƙa tsumma mai taushi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu kaɗan, mu shafa a hankali. Kada mu bar shi ya kwana cikin ruwa. Mu share shi, ya bushe a inuwa.

Wajen ajiya, mu naɗe shi da ƙyalle shi kaɗai. Kada mu haɗa shi da makulli ko kuɗi. Mu sa shi inda yara ba su kaiwa, gama in ya faɗi ƙasa yana iya fashewa.

Dutsen nan yana daɗewa in ya sami kula. A garin Esie, kusa da Ilori, akwai siffofin mutane wajen 800 na irin dutsen nan. Saboda su aka buɗe gidan kayan tarihi na farko a Nijeriya, cikin 1945.

Mu ma mu adana namu, jikokinmu su gani. Rigakafi ya fi magani.