Me ya sa azarar ɗaki take lanƙwasa?

A Madawa, Buza da Keita, ana rufe ɗakunan ƙasa da azara, a ɗora laka bisa. Azara ba ta karyewa rana ɗaya. Nauyin da take ɗauke da shi shekara da shekaru ne ke lanƙwasa ta sannu a hankali. Idan tsakiyar rufi ta lotsa, ruwan sama ya kan kwanta wurin, laka ta jiƙa, nauyi ya ƙaru, azara ta ƙara lanƙwasa.

Saboda haka, kafin damana, a kankare tsohuwar laka sannan a yi sabon yaɓe, a kuma gyara indararo. In azara ta tsage, a tokare ta da itace mai ƙarfi, kada kowa ya kwana ƙarƙashinta sai an canza ta.