Haɗa Na'urar Wuta Biyu A Shinge Ɗaya: Ƙarin Tsaro Ko Ƙarin Haɗari?

 A shirinmu na wannan mako mun ɗauko wata dabara da samari masu gyaran rediyo da waya suke gwadawa: a ciro 'yar na'urar da ke cikin abin kashe sauro mai lantarki, wanda ake kaɗawa kamar mafici, a haɗa biyu ko uku, a jona da wayar shinge don kada shanu su faɗa gonar mutane. Wasu kuma na'urar shinge ta gaskiya suke saye guda biyu, su ɗora a waya ɗaya. Hujjarsu ita ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To, a harkar wuta wannan karin maganar ba ta ci.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Batirin abin kashe sauro bai wuce bolt 3 zuwa 4 ba, amma 'yar taransifomar da ke ciki tana ɗaga shi ya kai bolt 2,000 ko fiye. Bolt shi ne ƙarfin turin wutar. Abin da ke kisa kuwa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki da kuma tsawon lokacin da ta ɗauka tana ratsawa. Shi ya sa wutar gida mai bolt 220 zuwa 230 take kashe mutum, alhali na'urar shinge mai ba da bolt 5,000 zuwa 10,000 daga batirin sola mai bolt 12 ba ta kashe saniya. Ita kamar bulala take: ta tsula, ta ɗaga. Bugu ɗaya a cikin kusan daƙiƙa guda, kuma bugun bai kai ƙiftawar ido ba. A wannan tazarar ce dabba ko yaro yake samun damar janye jikinsa.

Idan aka haɗa biyu fa? Hanya biyu ce ake bi.

Ta farko, a jera su kafaɗa da kafaɗa, jan waya da ja, baƙa da baƙa. Nan bolt ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Kuma ba a samun na'urori biyu da ƙarfinsu ya zo daidai wa daida, sai mai ƙarfin ta riƙa tura wuta cikin raunanniyar. Kun san yadda ake yi idan aka ɗaura ƙaton sa da maraƙi a garma ɗaya: ƙaramin ne zai sha wahala.

Ta biyu, a ɗora wata a kan wata don bolt ya ninka. Lissafin a takarda daidai ne, 2,000 da 2,000 sun zama 4,000. Matsalar ita ce roba da fentin da suka rufe siraran wayoyin taransifomar an yi su ne don ɗaukar ƙarfin na'ura ɗaya. Busasshiyar iska ma kusan bolt 3,000 take iya tarewa a kowace milimita, da ƙura ko raɓa ta shiga sai ta kasa haka. Sai wuta ta yi tsalle a ciki, ka ji ƙauri, kuɗi sun tafi. Tartsatsi kusa da harawa ko jarkar fetur kuwa, Allah ya kiyaye.

Na'urorin shinge biyu a waya ɗaya sun fi wannan muni. Kowace da lokacin bugunta, don haka tazarar nan da ke ceton rai sai ta ragu, wani sa'in bugu biyu su sauka tare. Dalili ke nan ƙa'idar masu ƙera su ta hana a ɗora biyu a shinge ɗaya, ta kuma hana a sa wa waya mai ƙaya wuta, don kada ta sarƙafe wanda ya taɓa. Jona shinge da wutar gida ko janareta kai tsaye kuwa tarkon mutuwa ne, domin wannan wutar ba ta saki.

In shingenka ba ya ja, Malam, kada ka yi saurin zargin na'ura. Duba waɗannan:

1. Ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Wutar tana bin ƙafar dabba ta shiga ƙasa ta koma na'ura, busasshen yashi kuwa ba ya ɗaukar wuta sosai. A kafa ƙarfe mai tsawon mita 1 zuwa 2, a ƙara na biyu da tazarar mita 3, a riƙa zuba musu ruwa da rani.

2. Inda ƙasa ta bushe ƙwarai, a ja layi biyu kusa da juna, ɗaya mai wuta, ɗaya a jone da ƙarfen ƙasa. Dabba ta taɓa su tare, za ta ji.

3. Ciyawa da rassan da ke taɓa waya suna shanye wutar. A share su.

4. Kada wayar ta taɓa icen shinge kai tsaye. A sa roba a tsakani.

Ku kuma 'yan kasuwa, in mai saye ya ce shingensa dogo ne, ku ba shi na'ura ɗaya wadda ta isa, ana rubuta ƙarfinta da jul a jikin kwali. Araha ba ta ado. Samari masu kwance kaya su tuna, kafasitar da ke ciki tana riƙe wuta ko an cire batir. In kuma wuta ta kama wani, a kashe ta tukuna, ko a ture shi da busasshiyar sanda, kada a kai hannu, sannan a garzaya da shi asibiti.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.