TSOHUWAR MOTAR ALFARMA A GIDAN MAI ALBASHI

Duk wanda ya bi ta wuraren da dillalan motoci ke baje hajarsu a Kaduna, ko Kano, ko Abuja, ba zai rasa ganin wani abu mai ɗaure kai ba. Ga Marsandi ko BMW baƙa wuluk, mai kujerun fata da katako a gaban direba, an wanke ta sai ƙyalli take yi. Ga kuma wata 'yar Corolla a gefenta, wadda ba ta kai ta girma ko kwarjini ba. Amma in aka tambayi kuɗinsu, sau da yawa sai a tarar tazarar da ke tsakani ba ta taka kara ta karya ba, wani lokaci ma ƙaramar ce ta fi tsada. A nan ne ma'aikacin da ya shekara biyar yana zubi a asusun taimakon kai da kai na ofis, ko wanda kuɗin sallamarsa ya fito, yakan tsaya ya yi shiru, zuciyarsa tana raya masa cewa tun da kuɗin ɗaya ne, me zai hana ya kai wa iyalinsa babbar?

Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa a tsanake, domin kuɗin da za a kashe ba na wasa ba ne, galibi ma shi ke nan abin da gidan ya mallaka.

Da can ma'aikacin gwamnati ba ya cikin wannan ruɗani. A shekarar 1975, lokacin da aka biya ƙarin albashin Udoji, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko. Babban ma'aikaci yakan karɓi bashin mota ya fito da sabuwar 504 dal, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashinsa. Abin ya sake ne bayan 1986, sa'ad da gwamnati ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Daga nan aka koma ga kwancen Turai. Da yake yawancinsu daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp ake loda su, sai sunan "Beljiyam" ya bi su, Yarabawa kuwa suka ce "tokumbo", masu bi ta Jamhuriyar Benin kuma aka sa musu "'yan Kwatano". Ba Nijeriya kaɗai ba ce. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa ƙasashen waje, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka.

ME YA SA TAKE ARAHA?

Abin da ya kamata mai saye ya fara tambayar kansa shi ne, yaya aka yi motar da ta ninka Corolla sau biyu ko uku a kuɗi ranar da aka ƙera su, yau suka zo kan mizani ɗaya? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai hali da ya saye ta sabuwa a Jamus ko Amurka ya more ta a shekarun da kamfani ke ɗauke da nauyin gyaranta. Da wa'adin nan ya ƙare, ta shiga shekarun da kayan cikinta ke fara gajiya, sai ya rabu da ita. Na biyu ma ya ɗan taɓa, ya ga inda aka dosa, ya tura gaba. Kasuwa ta san da haka, shi ya sa farashin ya zube. To, amma fa kuɗin sayenta ne kaɗai ya faɗi. Kuɗin ciyar da ita yana nan inda yake, watau kayan gyaranta, da tayoyinta, da man da take sha, duk a kan ma'aunin motar mai kuɗi ake sayar da su, ko da kuwa ta shekara goma sha biyar.

Mutane da yawa sunan da Marsandi ta yi a da ne yake jansu. Gaskiya ne samfurin W123 da aka fara ƙerawa a 1976, da wanda ya gaje shi, W124, wanda 'yan Nijeriya ke kira "V-boot", motoci ne masu ƙwari ƙwarai. Ƙarfe ne da waya kaɗan, bakanike mai sifana da basira yana iya tayar da su a gindin bishiya. Waɗanda suka biyo baya kuwa wata halitta ce dabam. Babbar Marsandi S-Class da ta fito a 1998 ba a kan sifirin ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska take, da famfo mai hura su. In jaka ɗaya ta tsage, sai mutum ya wayi gari ya ga motarsa ta durƙusa kamar raƙumi, kuma ba a yi mata faci. Haka nan E-Class ta 2002 ta zo da wani birki mai aiki da lantarki da ake kira SBC, wanda ya ba kamfanin wahala har ya janye motoci masu yawa don gyara, daga baya ya cire shi daga samfurin a 2006. Irin waɗannan motoci suna ɗauke da ƙananan kwamfutoci da dama masu magana da juna. In ɗaya ta rikice, ba kowane mai gyaran wuta ne zai gane kanta ba, wanda bai sani ba kuwa yakan yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota, har Allah ya sa a dace.

Sai batun mai, wanda a yanzu shi ne babban maƙoshi. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura Naira 500, zuwa Oktoba 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Alal misali, a ɗauka babbar mota mai silinda shida tana shan lita 15 a kowace kilomita 100 cikin cunkoson gari, ƙarama mai silinda huɗu tana shan lita 10. Magidancin da ke yin kilomita 1,000 a wata, tsakanin kai yara makaranta, da ofis, da kasuwa, da gaisuwar 'yan'uwa, zai ƙona ƙarin lita 50. In an yi lissafi a kan Naira 1,000 kowace lita, Naira 50,000 ke nan a wata, banda abin da ƙaramar ma za ta ci. Mai karatu ya tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yuli 2024 Naira 70,000 ne. Bugu da ƙari, injin Marsandi mai silinda shida yakan ɗauki wajen lita 8 na baƙin mai a juye ɗaya, kusan ninkin na Corolla, kuma ba ya son na gwangwanin bakin titi.

Kayan gyara kuma da Dala ake shigo da su. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yuni 2023, Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan Naira 460 da 'yan kai ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kuma kowane kusa da ke kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Ikko, ya ji a jikinsa. Bambancin shi ne, kayan Toyota da Honda suna nan jibge, sabo da na kwance, mutum ya zaɓa ya yi ciniki. Na motar alfarma kuwa wani lokaci sai an aika Ikko, in ba a samu ba a jira daga waje. Mai motoci uku bai damu ba in ɗaya ta kwana talatin a gareji. Gidan da ke da mota ɗaya tak, ranar da ta kwanta yara ne za su koma Keke Napep, in kuma ciwo ya tashi da tsakar dare sai a buga ƙofar maƙwabci.

ABIN DA TAKE DA SHI NA KIRKI

Ba daidai ba ne a ce ba ta da amfani. Babbar mota tana da nauyi da ƙarfin jiki, tana da jakunkunan iska na kariya a gaba da gefe, da birki mai hana tayoyi ƙullewa, da maƙalan ɗaure kujerar jariri. A doguwar tafiya irin ta Abuja zuwa Kano ba ta gajiyar da mutum, kuma in ƙaddara ta auku, galibi ta fi ƙaramar tsohuwar mota kare waɗanda ke ciki. Ga mai iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai duk wannan kariya tana nan ne in ba a taɓa ta ba. Motoci da yawa da ke shigowa daga Amurka an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora, irin su Copart da IAA, bayan sun yi haɗari ko ruwa ya ci su. Guguwar Harvey kaɗai, wadda ta afka wa Jihar Texas a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Akan miƙe ƙarfe, a shafa fenti, a rufe gurbin jakar iskar da ta riga ta fashe ba tare da an sa sabuwa ba, sa'an nan a kashe 'yar fitilar da ke gargaɗi. Motar da ta sha ruwa kuwa takan yi lafiya lau wata uku ko shida, kafin tsatsa ta fara cin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma abin da bai shafi inji ba. Kujeru biyar ne a cikinta, komai tsawonta, alhali gidan Bahaushe da wuya ya tsaya a mutum biyar. Cikinta kusa yake da ƙasa, domin an yi ta ne don titin da ba rami, ba don hanyar ƙauye da damina ba, ranar da aka ɗora buhun masara biyu a but za a dawo daga hutun Salla. Kujerar fata a zafin Afrilu sai an shimfiɗa mata tawul. Daɗin daɗawa, mota tana magana a madadin mai ita. Ranar da ma'aikaci mai matakin albashi na 10 ya shiga garinsu da Marsandi, dangi sun gama yanke hukunci a kan samunsa, mai faci da mai wanki ma haka, kuma ba wanda zai yarda cewa bashin banki ne.

IN HAR SAI AN SAYA

Wanda ransa ya riga ya kwanta a kan babbar mota, akwai hanyar rage asara. Ta farko ita ce zaɓen wadda ta haɗa jini da motocin da suka cika gari. Lexus ES 350, wadda aka fara sayarwa a 2006, a kan ginin Toyota Camry aka yi ta, injinta mai lita 3.5 kuma shi ne a cikin Camry mai silinda shida da Avalon. Sabo da haka bakaniken da ya san Camry ba zai yi baƙunta a cikinta ba, kayan inji da na ƙafa kuma ba sa wuyar samu. Mai dai za ta sha, amma ba za ta kwanta jiran kaya daga Jamus ba. Ita ma tana da nata aibin, domin fatar gaban direba ta samfurin farko takan narke ta yi danƙo a ƙasa mai zafi.

Ta biyu ita ce bincike kafin biya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. In daga Amurka ta fito, da wannan lamba ana iya sayen tarihinta a intanet daga kamfani irin Carfax, a ga ko ta taɓa haɗari, a kuma gwada tafiyar da aka rubuta mata can da abin da agogonta ke nunawa yanzu, don mayar da agogo baya tsohuwar sana'a ce. Sau da yawa ma in aka rubuta lambar a Google, hotunan motar a filin gwanjo sukan fito, da raunukanta a fili. Ɗalibin da ke gida zai iya yi wa mahaifinsa wannan aiki da wayar hannu cikin minti goma.

Mai saye ya je da nasa bakanike, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ya zama mai na'urar kwamfuta da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi cututtukanta. A je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, domin a lokacin ne ƙara da hayaƙi ke tona asiri. In an murɗa makulli, a lura fitilar jakar iska da ta inji su kama sa'an nan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an yi mata aiki. A ɗaga dardumar ƙasa a shinshina, a duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen laka. A leƙa salansa a tabbata ba a sace tukunyar tace hayaƙi ba, wadda kanikawa ke kira "indomi", don tana da tsada kuma akan cire ta tun a hanya. A hau titi a ji yadda giya ke shiga, ba zagayen fili kaɗai ba.

Takardun kwastan su ma abin dubawa ne da idon basira. Tun ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina bi ta Kwatano da Maraɗi ba, a 2022 kuma Hukumar Kwastan ta koma ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi. Motar da aka biya wa kuɗin fito na ƙarya ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, kuma wanda aka samu da ita shi zai amsa tambaya, dillali ya daɗe da cin la'adarsa. Zuwa ofishin kwastan a tantance takarda kafin a biya bai fi aikin yini ɗaya ba.

Daga ƙarshe sai lissafin aljihu. Kada kuɗin saye ya cinye duk abin da aka tara. Motar da ta sauka daga jirgi tana bukatar a juye mata mai, a sake tayoyi in na ƙasar sanyi ne ko sun tsufa, a duba birki da batir da na'urar sanyaya ɗaki, ga rajista da lamba, ga inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairu 2023. Wanda ya ga in ya biya dillali ba abin da zai rage masa na waɗannan, da na babban gyara ɗaya a shekarar farko, to motar ta fi ƙarfinsa tukuna, ko da kuɗinta ya yi daidai da abin da ke hannunsa. Ga magidanci mai 'ya'ya uku ko huɗu ma, kuɗin nan in ya kai shi kan Sienna mai kujeru bakwai, kowa zai sami wurin zama ranar Salla, har da kakarsu.