Kansila a Kwarin Komadugu

Muƙamin kansila, wato zaɓaɓɓen wakilin jama'a a majalisar ƙaramar hukuma, bai daɗe ba a karkarar Nijar, domin sai a ranar 24 ga Yulin 2004, a zamanin Shugaba Mamadou Tandja, ɗan Maine-Soroa, aka gudanar da zaɓen farko na ƙananan hukumomi 265 da dokar 2002 ta kafa. Jihar Diffa tana da 12, ciki har da ta birnin Diffa da ta Chetimari, wadda garin Gagamari ke ƙarƙashinta.

Kafin a rusa majalisun a 2024, kansila yakan hau kujera ta jerin sunayen jam'iyya, na wa'adin shekara biyar, kuma ba shi da albashi sai kuɗin zama. Shi da takwarorinsa ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, su amince da kasafin kuɗi, su yanke inda za a haƙa rijiya ko a gina aji, yayin da sarakunan gargajiya ke halartar zaman da muryar shawara kawai, ba tare da ƙuri'a ba. Ta wannan matakala ce Barmou Asmaou Kanta ta zama magajiyar garin Diffa bayan zaɓen 13 ga Disamban 2020, wanda aka yi a ƙarƙashin dokar 2019 da ta ɗaga kason mata a muƙaman zaɓe zuwa kashi 25 cikin ɗari.

Sai dai ƙarfin kansila bai wuce ƙarfin asusun hukumarsa ba, asusun kuma ya dogara ƙwarai ga harajin kasuwa, wanda a wannan yanki tushensa shi ne jan tattasai da ake nomawa a gaɓar Komadugu, da bandar kifin tafkin Chadi, da dabbobin da ake tsallakawa da su Najeriya. Majalisun da aka zaɓa a Janairun 2011 su ne suka ɗanɗana wannan gaskiya fiye da kowa. A Nuwamban 2014, bayan Boko Haram ta afka wa garin Damasak na Najeriya, dubban mutane suka ƙetaro kogi suka sauka a Gagamari. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, abin da ya sa gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur, ta dakatar da cinikin tattasai da kifi, daga baya aka rufe wasu kasuwanni, har da ta Gagamari. Baƙi suka ƙaru a lokacin da rumbu ya ƙone, kuma kansila, wanda ƙofarsa talaka ke fara ƙwanƙwasawa, ya koma mai shiga tsakanin baƙi da masu gonaki, da tsakanin ƙauyensa da ƙungiyoyin agaji waɗanda kuɗinsu ya ninka na hukumarsa nesa ba kusa ba.

Wa'adin waɗannan majalisu ya cika a 2016, amma aka yi ta tsawaita shi har 2020, abin da ya raunana hujjarsu ta wakilci ko da ba laifinsu ba ne. Waɗanda suka gaje su ba su kammala nasu ba, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, ya danƙa su ga kantomomi naɗaɗɗu, da yawansu masu kaki.